Gidan tarihin teku na Sharjah: in kai yara ko mu tsaya iya Dubai Mall?

Maman Ikram:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san Dubai da kewayenta. In Allah ya yarda hutun ƙarshen shekarar nan zamu tafi ni da maigida da yara, ni dama ina zuwa sarin abaya da mayafai amma gaskiya tafiyata bata wuce Deira, daga masauki sai shaguna sai wajen masu kago sai filin jirgi, yawon buɗe ido kam ban san hanyarsa ba. Toh wannan karon yaran zasu bi mu, kuma babban ɗan shekara 12 ya hana ni sakat da maganar teku, tunda aka yi musu darasin jiragen ruwa a makaranta kullum cikin tambaya yake, wai ya akai jirgi da nauyinsa baya nutsewa, ya mutanen da suke gane hanya a tsakiyar ruwa ba waya ba komai, mu kuma a Kano ruwa mafi girma da suka taɓa gani shine dam ɗin Tiga.

Wata abokiyar kasuwancina tace min akwai gidan tarihin teku a Sharjah a haɗe da gidan kifaye, wata kuma tace kar in wahalar da kaina, in kai su Dubai Mall kawai su ga kifi ta gilashi su ɗau hoto mu dawo. Ni kuma so nake yaron nan ya dawo da wani abu a kansa ba hoto kaɗai ba. Wanda ya taɓa shiga dan Allah ya faɗa min me ke ciki, zai riƙe yara kuwa, musamman autar mai shekara 6 da bata iya tsayuwa waje ɗaya, sannan ya ake zuwa daga Deira, tasi ko akwai wata hanya mai sauƙi? Nagode Allah ya bar zumunci.

Abu Hanif Sharjah:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni a Sharjah nake zaune ina aiki, kuma amsata a taƙaice ki kai su, bazaki yi nadama ba. Wurin yana unguwar Al Khan bakin ruwa, gini biyu ne kusa da juna, ɗaya gidan tarihin teku ɗaya gidan kifaye, tikiti ɗaya ke shigar da mutum duka biyun kuma kuɗinsa ko kusa bai kai na shiga gidan kifin Dubai Mall ba. Ita kanta Al Khan ɗin tsohon ƙauyen masunta ne da masu nutson lu'ulu'u, ba haka kawai aka zaɓi wajen ba.

Maganar hanya, tasi yana kaiwa amma ki sani tasin Dubai in zai tsallaka Sharjah ana ƙara dirhami 20 akan abin da mita ta nuna, sannan titin Al Ittihad da yamma lokacin tashi daga aiki cunkoso ne na fitar hankali, tafiyar da bata kai rabin awa ba sai ta cinye miki awa da rabi. Shawarata ku hau jirgin ruwan fasinja, ki ɗau metro koren layi daga Baniyas ko Al Ras ki sauka Al Ghubaiba, daga nan akwai jirgin da yake tashi zuwa Sharjah, wajen minti 35 ne, kuma tashar da yake tsayawa a bakin gidan kifayen take, kuna sauka kun iso. Kinga yaron da yake tambayar teku tun kafin ya shiga gidan tarihin ya riga ya hau teku da ƙafarsa, ya ji yadda jirgi ke rausaya ya ga bakin garin daga cikin ruwa.

Abu ɗaya da zan roƙe ki, ku fara da gidan tarihin kafin kifaye. In yara suka fara ganin kifi masu kala suna yawo, duk abin da zaki nuna musu na katako da igiya bayan nan bazai shiga kansu ba. Gidan ba wani babba bane, awa ɗaya ko ɗaya da rabi ya isa, amma abin da ke ciki labari ne mai nauyi. Zaku ga jiragen katako irin na Larabawan yankin nan, wasu na gaske wasu ƙanana da aka sassaƙa don nuni, kowanne da sunansa da aikinsa, akwai bum babba na fatauci mai nisa, akwai sambuk da jalbut da ake fita nutso da su, akwai shu'i na kamun kifi. Ki sa yaron ya lura da katakon, ƙasar nan bata da dajin da za a samu irin wannan itace, daga gaɓar Malabar ta Indiya ake kawo shi, igiya kuma ta zaren ɓawon kwakwa ce, masassaƙan kuma ba zane suke bi a takarda ba, da ido da gwaninta suke haɗa jirgi, su toshe tsakanin katakai da auduga, su shafe jikin da man kifi don kar ruwa ya ci shi.

Inda ni na fi daɗewa a tsaye shine ɓangaren nutso. Kafin fetur, lu'ulu'un da ake cirowa daga cikin kawa, wata halittar teku mai ɓawo biyu, shine arzikin duk gaɓar nan. Babban lokacin nutso kusan wata huɗu ne, daga Yuni zuwa Satumba, wato tsakiyar zafi, saboda lokacin ne ruwan ƙasa yake da ɗumin da jiki zai iya jurewa. Maza su bar gari su tare a teku, garin sai mata da yara da tsofaffi. Shugaban jirgi shine nakhuda, mai nutso kuma kayan aikinsa zaki gansu a gilashi har sai kin yi mamakin ƙanƙantarsu: ɗan matsin hanci da ake yi da ƙashi ko ɓawon kififiya, 'yan safar yatsu na fata don kar kawa da duwatsu su yanka shi, kwandon igiya da yake ratayawa a wuya, sai dutse mai nauyi da yake saƙala ƙafarsa a igiyarsa ya ja shi ƙasa da sauri. Shikenan fa, ba tukunyar iska ba gilashin ido. Ya sauka mita 10 ko 15 wani lokacin fiye, ya tsinci kawa iya abin da numfashi ɗaya ya bashi dama, minti ɗaya ko ɗaya da ɗan wani abu, sai ya girgiza igiya, wanda ke sama riƙe da igiyar, shi ake kira seb, ya jawo shi da dukkan ƙarfinsa. In mai igiyar ya yi sakaci ko hankalinsa ya tafi wani waje ran mutum ne ya tafi. A haka za a wuni ana sauka ana hawa tun hantsi har faɗuwar rana, cikinsu ba komai sai 'yan dabino da gahawa saboda mai cikakken ciki baya iya nutso, sai da dare a ci shinkafa da kifi. Kuma yawancin kawar da aka fasa ba komai a ciki.

Akwai kuma mawaƙin jirgi, nahham, aikinsa kenan ya rera su amsa lokacin jan igiya da tuƙi don hannu ya zo ɗaya kuma zuciya ta samu ƙarfi. Sannan zaki ga kayan dillalin lu'ulu'u, tawwash, 'yan rariyoyin tagulla masu huda daban daban da yake tace girman ƙwayoyin da su, da ɗan sikelinsa, da jan ƙyallen da ake ƙulle su a ciki. Ke da kike 'yar kasuwa wannan ɓangaren zai burge ki.

Ya Falmata mai turare:

Maman Ikram sannu da ƙoƙari, Allah ya raya mana su. Na kai jikokina wajen kuma zan miki maganar ɓangaren kifayen tunda Abu Hanif ya gama da na jirage. Kar ki sa ran girma irin na Dubai Mall, wancan tankin ruwansa lita miliyan 10 ne kuma ko baki biya ba kina iya tsayawa daga cikin kasuwar ki kalla, toh amma can hayaniya ce da turereniya kowa ya ɗaga waya, yaro ƙarami ma sai an ɗaga shi sama. Na Sharjah ƙarami ne mai natsuwa, hawa biyu, kuma abin da na so da shi yawancin halittun na ruwan yankin ne, wato abin da waɗancan masu nutson suke haɗuwa da shi a ƙasa shi zaki gani da idonki. Akwai ƙananan kifin shak, akwai wani kifi shimfiɗaɗɗe kamar faifai mai doguwar jela da yake kwanciya a yashi, jelar tana da ƙaya mai dafi, akwai dogaye masu kama da maciji da suke leƙo kai daga ramin dutse, akwai dokin teku ɗan mitsitsi wanda namijin ne yake ɗaukar ƙwai a jakar cikinsa har su ƙyanƙyashe, wannan kam autarki bazata yarda ta bar wajen ba. Akwai inda ake bi ruwa na saman kanku kifi na wucewa.

Ni abin da ya tsaya min a rai murjani ne. Mun tashi muna ganinsa a wuyan iyayenmu da kayan lefe, a ɗaukarmu wani dutse ne ake haƙowa, ashe halitta ce mai rai, wasu 'yan ƙananan dabbobi ne suke taruwa dubbai suna gina gida mai tauri a ƙarƙashin ruwa a hankali a hankali shekara da shekaru, kifaye kuma su mayar da wajen mafaka da wurin haihuwa. In ruwa ya yi zafi fiye da ƙima sai ya koɗe ya yi fari, in abin ya daɗe ya mutu. Da na tsaya a gabansa ayar Suratur Rahman ce ta faɗo min, inda Allah ya ambaci lu'ulu'u da murjani suna fitowa daga ruwa, na sa jikana ya karanto ta a wajen, yaron da ya haddace ta tun yana ƙarami amma ranar ya ga abin da take nufi. Ki gwada da naki.

Sannan mu masu haɗa turaren wuta da humra, farcen nan da muke wankewa mu soya mu daka, shima daga teku yake, murfin bakin wani dodon koɗin teku ne da yake rufe kansa da shi in ya shige cikin ɓawonsa. Ki faɗa wa 'yan matanki su san abin da ke cikin kaskon turaren gidansu ma daga ruwan gishiri ya taso.

Shawarar uwa kuma, ki tafi musu da rigar sanyi mara nauyi don na'urar sanyaya ɗaki tana da ƙarfi a ciki, ki ja musu kunne kar su dinga bubbuga gilashi, kuma ki kashe hasken kyamarar wayarki. Sharjah gari ne mai kamun kai, shigarmu ta gida daidai take da wajen ba wanda zai kalle ki, akwai wajen sallah, hankalinki kwance.

Maman Ikram:

Kai masha Allah, Abu Hanif da Ya Falmata Allah ya saka da alheri, wallahi na karanta wa yaron bayanin masu nutson nan ya yi shiru yana saurare har ƙarshe. Yanzu ga tambayoyinsa ya ce in miƙo: wai me ya sa suka daina, lu'ulu'un ne ya ƙare a ruwan? Sannan su masu nutson sun yi kuɗi kuwa tunda abin yana da tsada? Kuma har yanzu yana nan akan bakansa na yadda ake gane hanya a teku da dare.

Malam Bashir Zariya:

Hajiya ki gaida min ɗalibin nan, tambayoyinsa na masu hankali ne, ni malamin tarihi ne a sakandare kuma irinsu muke nema a aji. Bari in ɗauke su ɗaya bayan ɗaya amma zan fara da ta biyu don ita ce ta fi ci min rai.

A'a, yawancin masu nutson basu yi kuɗi ba. Tsarin bashi ne tun daga sama har ƙasa, nakhuda ya ci bashi wajen attajiri ya shirya jirgi, shi kuma ya ba masu nutso bashi kafin a fita don su bar wa iyali abinci, in an dawo aka sayar sai a cire kuɗin abincin jirgi da na mai jirgi da bashin, abin da ya rage a raba, mai nutso kasonsa ya fi na mai jan igiya. In shekara bata yi kyau ba bashin ya tsallaka zuwa baɗi, kuma wanda ake bi bashi baya iya barin nakhudansa ya koma wani jirgin sai an biya, har takai mutum ya mutu bashin ya hau kan ɗansa ko ƙaninsa, shima ya shiga ruwa. Ga ciwon kunne don dodon kunnensu fashewa yake, ga ciwon ido da yake kai wasu ga makanta, ga ƙurajen gishiri. Sannan akwai gaskiyar da ya kamata yaranmu su sani, da yawa daga cikin masu nutson nan bayi ne ko 'ya'yan bayi da aka kwaso daga gabashin Afirka, abin da suka samo na ubangidansu ne, kuma bauta a gaɓar nan sai a shekarun 1960 aka haramta ta a hukumance. Har a kiɗa da waƙoƙin teku na yankin ana jin sawun Afirka. Gidajen tarihi irin wannan bisa al'ada jarumtar kakanni suka fi fitowa da ita, kuma jarumtar gaskiya ce ba ƙarya ba, amma ke uwa in kin tsaya gaban ɗan matsin hancin nan ki ƙara masa da wannan ɓangaren, ya san wuyan da aka rataya wa sarƙar daban, ƙirjin da ya riƙe numfashi daban.

Girman sana'ar kuwa, ƙididdigar da Turawan Ingila suka yi a farkon ƙarni na 20 ta nuna gaɓar da ta zama Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a yau tana da jiragen nutso sama da 1,200 da maza wajen 22,000 a cikinsu, a lokacin da mutanen yankin gaba ɗaya basu da yawa, kusan duk namiji mai ƙarfi kenan. Kuma abin ya daɗe ƙwarai, a tsibirin Marawah na Abu Dhabi masu haƙar tarihi sun tono ƙwayar lu'ulu'u mai kimanin shekara 8,000.

Me ya kashe ta? Ba ƙarewa ya yi ba, har gobe akwai kawa a ruwan. Shi lu'ulu'u yana samuwa ne in wani ɗan abu ya shiga jikin kawar ya dame ta, sai ta dinga lulluɓe shi da wani sinadari mai sheƙi shafi kan shafi har ya zama ƙwaya. Wani mutumin Japan, Mikimoto, ya gano yadda za a sa mata abin da hannu a kiwata ta a gona ta cikin ruwa, ya fara samun nasara a 1893, zuwa shekarun 1920 lu'ulu'un kiwo mai arha ya cika kasuwannin duniya. Ana cikin haka tattalin arzikin duniya ya karye a 1929, masu kuɗin Turai da Amurka suka daina sayen kayan ƙawa, daga baya yaƙin duniya na biyu ya zo, sannan Indiya wadda Bombay ɗinta ce babbar kasuwar lu'ulu'un yankin ta ɗora haraji mai nauyi. Mutanen gaɓar nan sun sha yunwa ta gaske a shekarun 1930 da 1940, da yawa suka yi ƙaura neman aiki. Fetur bai fara fita daga Abu Dhabi ba sai 1962, Dubai kuma 1969, ƙasar ta haɗu a 1971. Kinga tsakanin wahalar nan da dogayen benayen da kike gani ba wani nisa bane, akwai tsofaffi da ransu da iyayensu suka yi nutso.

Sai maganar gane hanya. Ki nemi wani ɗan abu da ake kira kamal in kun shiga ɓangaren kayan tuƙi, ko ku haɗa naku a gida tun yanzu don ba wuya: ɗan katako ne mai kusurwa huɗu da igiya a tsakiyarsa an ƙuƙƙulla ta. Matuƙi ya ciji ƙulli ɗaya da haƙori ya miƙa katakon gabansa har igiyar ta miƙe, gefen ƙasa ya zauna daidai inda ruwa ya haɗu da sama, gefen sama ya taɓa tauraron arewa wanda baya gusawa daga wajensa. Kowane ƙulli na wata tashar jirgi ce da aka sani, in tauraron ya zauna daidai a ƙullin garin da kake nufi to kun yi layi ɗaya da shi, saura ka miƙe gabas ko yamma. Suna haɗawa da launin ruwa da irin tsuntsaye da zurfin da igiya mai dalma ta nuna. Babban abin kuma iska ce, a tekun Indiya iska tana kaɗawa daga arewa maso gabas wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, sai ta juya daga kudu maso yamma daga wajen Afrilu, toh sai su bi ta farko su gangara Lamu da Mombasa da Zanzibar da dabinon Basra da busasshen kifi, su jira ta juya su dawo da itacen rufin ɗaki da kanumfari. Ya riƙe sunan Ahmad bin Majid, shahararren matuƙi na ƙarni na 15 da ake danganta shi da Julfar, wato Ras al-Khaimah ta yanzu, ya rubuta ilimin taurari da iska da hanyoyin teku, da yawa ma a waƙe don matuƙa su haddace. Za ku iya jin ana cewa shi ya nuna wa Vasco da Gama hanyar Indiya a 1498, masana tarihi da yawa basu yarda da wannan labarin ba.

Ɗan Maraɗi:

Salamu alaikum. Malam Bashir Allah shi ƙara basira, mun ƙaru. Ni dai Hajiya ra'ayina ya ɗan bambanta da na Abu Hanif ta waje guda, ba wai kar ku je ba, ku je, amma kar ki bari yaron ya ɗauka jiragen katakon nan sun zama kayan tarihi sun mutu. Ni kayan masarufi nike saye kuma kullum ina bakin Khor na Deira, wato mashigin ruwan teku da ya ratsa Dubai, jiragen nan suna nan suna aiki har yau, an dai sa musu inji an cire ƙyallen iska, za ki gan su jere ana loda musu firiji da tayoyi da buhunan shinkafa da katan katan na kaya, su nufi Iran ko Somaliya ko Yaman ko Indiya, ma'aikatan suna kwana ciki suna girki ciki shanyarsu na rataye. Daga inda kike sarin abaya tafiyar ƙafa ce. In kun dawo daga Sharjah washegari da la'asar ki kai shi nan ya tsaya kusa da bum na gaske ya ɗaga kai ya ga tsayinsa, ya ji warin man da katakon, sannan ku hau abra, ƙaramin jirgin fito na katako, ku tsallaka Bur Dubai, kuɗin kaɗan ne ƙwarai. A ganina abin da ya gani cikin gilashi sai ya ga ana cin abinci da shi sannan zai zauna mishi.

Wani abu kuma da zan ƙara ma Ya Falmata, a tekun nan na Fasha akwai ɗan uwan ayu. Mu da muka san kogin Kwara mun san ayu, to akwai irinsa na ruwan gishiri da ake kira dugon, shima ciyawar ƙarƙashin ruwa yake ci, yana shayar da ɗansa nono, yana fitowa sama shaƙar iska, bambancin da za a fi lura da shi jelarsa a rabe take irin ta kifi, ta ayunmu kuma zagayayya ce. Bayan Ostareliya ba inda suka fi yawa kamar tekun nan, musamman ruwan Abu Dhabi, don ruwan bai da zurfi, inda tekun gaba ɗaya ya fi zurfi ma wajen mita 90 ne, rana tana kaiwa ƙasa ciyawa ta fito. Kar ki yi wa yara alkawarin za su gan shi a gidan kifayen, ki dai basu labarinsa. Su can sun hana farautarsa sun ware mishi wuraren da ba a taɓawa, mu kuwa namu ana ta kashewa saboda mai da nama da maganganun da ake yi a kansa, ga shi haihuwarsa ɗaya ɗaya ce kuma sai an daɗe, wannan abin yana damuna ƙwarai.

Abu Hanif Sharjah:

Ɗan Maraɗi gaskiyarka, kuma ko a nan Sharjah bakin Khor ta wajen tsohuwar kasuwa akwai irin jiragen suna lodi. Hajiya sauran abu biyu da ban faɗa ba. Na farko kar ku sa tafiyar ranar Juma'a da safe, gidajen tarihin Sharjah sai da yamma suke buɗewa ran Juma'a, kuma hutun mako a nan kwana uku ne, Juma'a da Asabar da Lahadi, iyalai suna cika wajen, in da hali ku zo tsakiyar mako. Na biyu shi jirgin ruwan ba kowace awa yake tashi ba, sawunsa kaɗan ne safe da yamma, don haka ki duba jadawalinsa a manhajar RTA, hukumar sufurin Dubai, tun daren, ki duba har da na dawowa don kar ku maƙale ku koma neman tasi a cikin cunkoson magariba. Disamba lokaci ne mai kyau, ba zafi, yara zasu iya zama a waje su sha iska, sai dai in teku ta tashi akan dakatar da jirgin, ranar kam sai metro da tasi.